Masu Haɗa Lasifika da Saita Sauti a Magazin na Kumasi

An san Suame Magazine da gyaran mota. Tun shekarun 1930 makanikai da maƙera suka fara taruwa kusa da ma'ajiyar makaman Turawan mulkin mallaka a Kumasi, daga baya aka matsar da su Suame, kan hanyar da ta nufi Offinso da Techiman har Tamale. Yau ana ƙiyasta masu cin abinci a wurin sun kai 200,000, cikinsu akwai 'yan Zongo da yawa daga Aboabo da Asawase da Sabon Zongo. Sai dai akwai wata sana'a da ta jingina da Magazin wadda ba a cika ambatonta ba, ko da yake babu Asabar ɗin da ba ta cika garin da amo ba: sana'ar masu haɗa lasifika da masu saita sauti a taro.

Kumasi gari ne na makaɗa. A nan aka haifi Teddy Osei, wanda ya kafa Osibisa a Landan a 1969, ƙungiyar da ta gauraya kiɗan rok da gangunan Afirka har duniya ta saurara. Amma bayan juyin mulkin Rawlings na 31 ga Disamba 1981 an kafa dokar hana fitar dare wadda ta kai 1984, gidajen rawa suka mutu, makaɗa da dama suka tsallaka Najeriya da Jamus. Gurbin da suka bari sai masu juya faifai suka cike shi, waɗanda a Gana ake kira sifinas. Mutum ɗaya da yaransa da akwatunan lasifika sun fi ƙungiyar makaɗa goma araha ga mai biki ko mai makoki. Kayan waje kuwa tsada gare su, don haka aka koma ƙerawa a gida. Daga nan sana'ar ta kafu, kuma har yau tana nan a jana'izar Asante ta ranar Asabar, da coci, da bikin aure da suna da Maulidi a Zongo.

Akwatin lasifika aikin hannu uku ne. Kafinta ya yanka filawud mai kaurin milimita 18, wanda galibi daga Sokoban ake sayo shi, inda aka mayar da masu katakon unguwar Anloga. Mai walda a Magazin ya yi ragar gaba da ƙarfen kusurwa da maƙala. Sannan mai waya ya ɗora lasifikar, mai inci 18 don gindin sauti, mai inci 12 ko 15 don murya, da ƙaho don siririn sauti. Wanda bai sani ba zai ɗauka kowane akwati ya yi. Ba haka ba ne. Faɗin cikin akwatin da girman ramin da iska ke fita su ne ke yanke irin gindin da za a ji, kuma 'yar kafa ɗaya da gam bai toshe ba ta isa ta sa akwatin ya riƙa huci.

Abin da ya fi burge ni a wannan sana'a shi ne naɗin waya. Idan lasifika ta ƙone, a Turai sai a jefar ko a sayo sabon ciki. A nan masta zai ɓare takardar, ya zaro ƙonanniyar wayar tagulla daga tsakanin maganaɗisu, ya ƙirga zagayenta, ya naɗa sabuwa mai kauri iri ɗaya, ya mayar da ita tsakiyar wani siririn gurbi ba tare da ta goga ko'ina ba. In ta goga, za a ji ƙarƙara a muryar mawaƙi. In ya rage zagaye, lissafin om ya canja, amfilifaya ta yi zafi. Yaran aiki da ba su gama sakandare ba sun san cewa lasifika biyu masu om 8 in aka haɗa su kafaɗa da kafaɗa sun koma om 4, in aka ƙara biyu sun koma om 2, kuma ba kowace amfilifaya ke jure hakan ba. Da hannu suka koya, da warin ƙonanniyar waya.

Sabon yayi shi ne jerin lasifika na rataye, waɗanda ake saƙalowa daga sama a lanƙwashe kamar nonon ayaba. Wani Bafaranshe masanin kimiyya, Christian Heil na kamfanin L-Acoustics, shi ya fito da tsarin da ya yaɗu a farkon shekarun 1990, ko da yake ƙungiyar Grateful Dead ta Amurka ta riga ta gwada dogayen layukan lasifika a 1974. Amfaninsa a fili yake. Lasifika guda tana watsa sauti ko'ina, kuma duk ninkin nisa ƙarfinta na raguwa da desibel 6. Dogon layi kuwa yana matse sautin ya tura shi gaba, raguwar ta koma kusan desibel 3 har zuwa wani nisa. Na gaba ba ya kurmancewa, na baya kuma yana jin kowace kalma.

A nan nake da magana da masu sana'ar. Rataye akwatuna takwas a jere ba shi ne ya mayar da su layi ba. Zangon gindin sauti mai bugu 100 a daƙiƙa ya kai mita 3.4, don haka akwatunan na haɗuwa su yi magana da baki ɗaya. Amma siririn sauti mai bugu 10,000 zangonsa santimita 3.4 ne kacal. In ba a sa masa maƙogwaro na musamman da zai miƙar da shi ba, ƙahon sama da na ƙasa sai su riƙa cin juna: mutum ya ji murya fes a nan, ya matsa taku uku ta dushe. Da yawa daga jerin da ake haɗawa a gida siffa ce kawai ta layi. Hannun da zai gyara wannan yana Magazin, awo ne ya yi ƙaranci, wato makirfon awo da kwamfuta. Wurin ya taɓa ganin irin wannan haɗin kai, lokacin da jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi ta buɗe cibiyar ITTU a Suame a 1980, ta kawo wa masu sana'a injina da horo.

Akwai kuma batun rai. Akwatunan nan nauyi gare su, kuma a kan kawunan jama'a suke lilo. Waldar da ta isa ƙofar gida ba ta isa wannan ba. Kowane maƙali da ƙusarsa ya kamata su iya ɗaukar nauyin da ya ninka abin da aka ɗora sau da yawa, a kuma ƙara sarƙar kariya.

Ranar taro, mai saita sauti yakan kafa teburinsa a tsakiyar jama'a, domin abin da suke ji shi ne aikinsa. In makaɗa ne kai tsaye, da ganguna da jita da ƙahoni, yaƙinsa na farko a kan dandamali yake: mai jita ya ƙure tasa amfilifayar, mai ganga na duka da ƙarfinsa, muryar mawaƙi ta nutse. Gwani ba ya ƙara murya, sai ya rage abin da ya danne ta. Haka in makirfo ya fara ihu, ba ya kashe komai, yakan gano zangon da ke ihun da kunne ya datse shi kaɗai. A Maulidi kuwa bandiri ne ke cika fili, kuma dole baitin mai bege ya fito sarai a samansa. In filin ya yi tsawo aka kafa wasu lasifikan a baya, sai an jinkirta su, don sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa. Mita 34 kaɗai ta isa a ji malam yana maimaita kansa. Ga kuma wuta. Shekarun dumso, wato yawan ɗauke wutar lantarki, daga 2012 zuwa 2016, sun koya wa kowa zuwa da janareta, da dokar da yaro ke haddacewa tun makon farko: amfilifaya ce ƙarshen kunnawa, ita ce farkon kashewa.

Mai biki kuwa abu ɗaya yakan roƙa: "Masta, a ƙara wuta, a ji mu har kasuwar Kejetia." Masta na tsoron rasa ciniki, sai ya ƙara. Hukumar kare muhalli ta Gana ta ƙayyade desibel 55 da rana da 48 da dare a unguwannin zama, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma a 2022 ta ce kada wurin kiɗa ya wuce matsakaicin desibel 100 cikin minti 15. Masu biki sukan watse bayan sa'o'i kaɗan. Yaron aiki shi ke zaune gindin akwati yana gadin waya tun hantsi har dare, Asabar da Lahadi, ba toshin kunne, alhali kunnen nan da shi zai ci abinci ranar da masta ya yaye shi.