KARATUN RUWA A ƘASAR HOLAN: ME ZA A KAWO MANA GIDA?

Ran nan bayan sujada, a wurin taron ƙungiyar gama kai a Balan, aka ta da zancen samarin da ke tafiya ƙasar Holan karatun ruwa. Wani dattijo ya gyara zama ya ce, "To Malam, ruwan ma sai an je Turai an karanto shi? Mu da muka gāji fadama kaka da kakanni?" Jama'a suka yi dariya. Amma tambayar ba ta wasa ba ce, gama cikin masu dariyar akwai waɗanda ke da dangi a ƙasar Ajingi, inda ruwan watan Agusta na 2022 ya rushe ɗaruruwan gidaje. Don haka muka ga ya kamata mu kawo wa masu karatu amsa.

Holan ƙasa ce ta bakin teku, girmanta bai wuce na tsohuwar Jihar Kano ba, kafin a cire Jigawa a 1991. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar kwari ne wanda teku ya fi shi tudu. Akwai wuraren da manomi zai tsaya a gonarsa, ya ɗaga kai ya ga jirgin ruwa yana wucewa a bisansa. Abin da ya raba su da ruwan shi ne ganuwar ƙasa, wato babbar jinga, da injuna masu kwashe ruwa dare da rana. A daren 31 ga Janairu 1953 guguwa ta kora teku, jinga ta ɓalle a wurare da yawa, mutum 1,836 suka mutu, ban da dabbobi. Daga nan suka shiga gina manyan ƙofofin tare teku, aikin da ya ci shekaru fiye da 40.

Labarin wannan aiki ya kai ƙasashe. Jakadiyar Pakistan a Holan ta roƙa a koya wa injiniyoyin ƙasarta, domin ambaliya tana cin yankin da ake kira Bangaladash yanzu. Sai aka buɗe kwas na farko a garin Delft a 1957. Makarantar tana nan har yau, ana kiranta IHE Delft, ta kuma yaye mutum fiye da 20,000 daga ƙasashen duniya, har da 'yan Nijeriya. Masu son aikin gona da noman rani kuwa sukan tafi jami'ar Wageningen.

Mu mutanen Kano ba yau muka fara gamuwa da ilimin Holan ba, ko da yake da yawanmu ba su sani ba. Wani kamfanin injiniyoyinsu mai suna NEDECO shi ya yi binciken aikin noman rani na Kogin Kano a zamanin Gwamna Audu Baƙo, lokacin da aka gina dam ɗin Tiga, wanda aka gama a 1974. Duk wanda ya ga tumatir da alkama da shinkafar Kadawa da Kura ya ga amfanin abin. Amma kogin da aka tare a Tiga, da na Challawa da aka tare a 1992, su ne ke haɗuwa su wuce ta Wudil, su bi ta wajenmu zuwa Ringim da Haɗeja. Dā kogin yakan cika da damina ya malala, ya bar laka mai taki, da rani kuma ya ƙafe. Da aka tare shi sai malalar ta ragu, ruwa kaɗan kuma ya riƙa gudana har da rani. Ciyawar kacala ta sami abin da take so, ta toshe hanyoyin ruwa a ƙasar Haɗeja da Nguru. Dam kuma bai kashe ambaliya ba. Na Bagauda ya fashe a 1988, kuma dattawa ba su manta da ruwan 2001 ba. Ke nan ilimin gina dam mun riga mun karɓa, da daɗinsa da ɗacinsa.

Akwai wani ilimi na Holan da ba mu karɓo ba tukuna, a ganinmu kuwa ya fi dacewa da ƙungiyoyinmu, domin ba ya bukatar siminti.

Tun kafin a yi injiniya ko ɗaya a ƙasar, manoma ne suka fara tare ruwa. Suka lura cewa in mutum ya ɗaga jingar gonarsa shi kaɗai, ruwan maƙwabcinsa yake tura wa. In kuma mutum ɗaya ya yi sakaci da tasa, gari duka ya nutse. Sai suka kafa majalisun ruwa, kowace da yankinta, ba bisa iyakar hakimi ba, amma bisa yadda ruwa yake bi. Ta Rijnland ta sami takardar izini daga mai mulkin ƙasar tun 1255. Aka raba jinga gaɓa gaɓa, kowane mai gona da rabonsa gwargwadon gonarsa. Shugabannin majalisa sukan fita zagaye a ranakun da aka sa, su duba aikin kowa, wanda bai gyara nasa ba a ci shi tara.

Akwai wata tsohuwar doka tasu mai tsanani. In mutum ya kāsa riƙe rabonsa na jinga, sai ya kafa shebur ɗinsa a kai, ya bar gonar. Wanda ya zare shebur ɗin ya sami gona, amma ya ɗauki nauyin jingar tare da ita. Ba mu ce a yi haka a Balan ba. Mu masu bi, in gwauruwa ko tsoho ya kāsa, gayya za mu kira masa. Amma a duba abin da dokar ke nufi: gonar fadama da aikin tsare ta abu ɗaya ne, ba a gādon ɗaya a bar ɗaya. Wanda ya karanta Nehemiya sura 3 ya san tsarin, yadda aka raba garun Urushalima, waɗansu suka gyara daidai ƙofar gidajensu.

Yau an haɗe majalisun sun zama 21. Jama'a ne ke zaɓen wakilansu bayan kowace shekara 4, suna kuma karɓar harajinsu na kansu, wanda ba a taɓa shi sai don aikin ruwa. Har ma'aikata gare su masu kama wani irin ɓeran ruwa da ke haƙa rami a jinga. Ɗalibin da ya je ya ga manyan ƙofofin teku ya ɗauko hoto, bai zauna a taron irin wannan majalisa ba, ya bar rabin karatunsa a can.

Abu na biyu ya fi ban mamaki. Mutanen da suka shekara 700 suna ɗaga jinga, su ne suka zo suka ce ɗagawa kaɗai ba ta isa ba. A farkon 1995 kogunansu suka cika har aka kwashe mutum wajen 250,000 daga gidajensu, don tsoron kada jinga ta ɓalle. Ba ta ɓalle ba, amma sun tsorata. Suka gane cewa kogin da aka matse, tashi yake yi, ran da ya sami kafa kuwa ɓarnar ta fi yawa. Daga 2007 suka shiga wani shiri na sakar wa kogi fili a wurare fiye da 30. A birnin Nijmegen sun ja jinga baya mita 350.

A wata fadama mai suna Overdiep, gwamnati ta ce za a bar ruwa ya riƙa shiga in kogi ya cika ƙwarai. Manoman wurin, masu kiwon shanun madara, ba su tsaya kuka ba. Suka zauna suka tsara shawararsu: a tara musu tuddai, a ɗora gidaje da garken shanu a kai, su ci gaba da noman kwarin, shekarar da ruwa ya shiga kuma a biya su hasara. Aka karɓa. Aka gina tuddai 8. Sauran iyalai suka karɓi diyya suka tashi, ba kuwa da daɗin rai duka ba. Abin lura shi ne manoma ne suka kai wa injiniyoyi takarda, domin suna da ƙungiya, sun kuma san ƙasarsu. Kakanninmu ma ai a kan jigawa suke kafa gari, su bar wa kogi fadama. Mu ne muka sauko da gidaje hanyar ruwa, da jama'a ta yi yawa.

Sai dai ba kome na Holan ne zai zauna a nan ba. Su ruwan sama suke samu kusan kowane wata, mu namu na wata huɗu ne, sauran shekara nema muke yi. Jingarsu ta yumɓu ce mai riƙe ruwa, ƙasarmu a wurare da yawa rairayi ce. Su kansu yawan tsotse ruwa ya sa ƙasarsu tana lotsawa, farin 2018 kuma ya koya musu ajiye ruwa. Ɗalibin da ya dawo da niyyar korar ruwa duka daga fadama zai busar mana da rijiyoyin noman rani, gama malalar damina ita ke cika su.

Wata 'yar gargaɗi ga iyaye. Karatun Delft na waɗanda suka riga suka gama jami'a ne, kuɗinsa kuma ya fi ƙarfin manomi. Shirin tallafi da gwamnatin Holan ta fara a 2017, wanda 'yan Nijeriya suka mora, an riga an rufe shi. Kada kowa ya jinginar da gona don wani ya ce zai samo wa yaro gurbi. Matakin farko yana kusa: ga jami'ar kimiyya da fasaha a Wudil, ga kuma Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a Kaduna.

Wanda Allah ya ba shi hanya ya tafi, ga roƙonmu. In ya dawo, kafin ya nemi kujera a Kano ko Abuja, ya zo ya zauna da ƙungiya damina ɗaya. Ya bi fadama da ƙafa tare da dattawa da masunta, su nuna masa inda ruwa yake fara shiga, shi kuma ya auna ya zana taswira. Ya taimake mu rubuta takarda zuwa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, a san yadda labari zai riƙa iso mana da wuri in dam ya cika. A gayyaci maƙwabtanmu Musulmi tun daga zaman farko, gama gonakinmu a jere suke, majalisar ruwa ta 'yan majami'a kaɗai ba za ta tare kome ba.

Akwai kuma abin da ba sai mun jira ɗalibi ba. Kowace ƙungiya mai gona kusa da kogi ko rafi ta kafa turke mai ƙarfi a bakin ruwa, a yi masa zane taƙi taƙi. A sa mutum ɗaya mai rubutu ya riƙa duba shi kowace safiya daga Yuli zuwa Oktoba, yana sa rana da tsawon ruwa a littafi. Inda alamar ruwan 2022 take a jikin bango ko itace, a shafa mata fenti tun ba ta ɓace ba. Da muka faɗi haka a Balan, dattijon nan ya ce littafin dai a ba jikarsa, ita ce ba ta makara da safe. Sakatarorin ƙungiyoyi su aiko mana da abin da suka rubuta bayan kaka, za mu buga.