Mata da kujerun shawara a manyan kamfanoni

A gundumar Ollelewa aka buɗe matatar mai ta SORAZ a 2011, kamfanin Sin da kashi 60, Nijar da 40. A irin wannan kamfani, majalisar gudanarwa ce ke yanke maganar kasafin kuɗi da manyan kwangiloli, wato abin da ke taɓa cinikinmu. Norwe ta wajabta ba mata kashi 40 na kujerun a 2003, Faransa a 2011. A Nijar, dokar 2000 ta ba su kashi 25 na naɗe-naɗen gwamnati, ya koma 30 a 2019. Matan da ke riƙe asusun Mata Masu Dubara tun 1991 sun iya lissafi. Muna kira, in ana naɗa wakilan ƙasa a kamfanoni, a saka su.