Na'urar Auna Oksijin a Injin Jirgin Sama Ƙirar Gida

A ƙasar Amurka doka ta yarda mutum ya harhaɗa ƙaramin jirgin sama a gidansa, muddin fiye da rabin aikin ya fito daga hannunsa. Masu wannan sha'awa sun kafa ƙungiyarsu ta EAA a 1953, kuma da yake jiragen nasu na gwaji ne, suna da damar liƙa wa injinsu kayan da ba a yarda a sa wa jirgin kamfani ba sai da izini. Ɗaya daga cikin kayan nan ita ce na'urar auna oksijin, wadda suka aro daga mota.

Dalilin aron a fili yake. Fetur yana ƙonewa sarai idan aka gauraya kashi 1 nasa da kimanin kashi 14.7 na iska bisa nauyi, amma injin ya fi ba da ƙarfi a wajen kashi 12.5. To, iska kuwa raguwa take yi gwargwadon hawan jirgi, har matsinta ya koma rabi a tsayin kimanin mita 5,500. Saboda haka tilas matuƙi ya riƙa rage mai da hannunsa. Idan mai ya yi yawa, fulogi ya yi baƙi, a yi asarar fetur; idan kuwa aka rage shi ba bisa ƙa'ida ba alhali injin na cikin aiki mai nauyi, silinda ta yi zafi, har fistan ya iya lalacewa a sararin sama.

Kamfanin Bosch na Jamus ne ya ƙirƙiro na'urar, aka fara sa ta a motocin Volvo a 1976. Ana ɗaura ta a bututun hayaƙi, inda take gwada oksijin ɗin da ya saura da na iskar waje. Ta farko ba ta faɗin kome sai cewa mai ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Wadda ta biyo baya ce take nuna ainihin adadi, ita ce kuma mai amfani ga matuƙi.

Sai dai akwai wani cikas babba, watau dalma. Man jirgi da ake kira 100LL yana ɗauke da ita, har giram 0.56 a kowace lita, ita kuwa na'urar an yi ta ne domin man mota marar dalma. Sannu a hankali dalmar takan lulluɓe fuskarta. Abin tsoron shi ne ba ta mutuwa farat ɗaya: takan yi nauyin amsawa, sa'an nan ta soma ba da adadin ƙarya, allurar kuwa tana motsi kamar lafiya lau. Har ila yau, 'yar ɓula a bututu takan shigo da iska, na'urar ta nuna ƙarancin mai alhali babu shi. Kuma na'ura guda matsakaicin silindojin da ke zuba mata hayaƙi take nunawa, ba ta tona asirin wadda ke fama da yunwar mai.

Don haka ne magina masu hankali ba su yar da tsohuwar hanya ba, ta auna zafin hayaƙin kowace silinda daban. Waɗansunsu ma sukan ɗaura na'urar oksijin ne lokacin daidaita injin kaɗai, in an gama su kwance ta, su toshe ramin.