Android Studio

Android Studio manhajar kwamfuta ce da ake amfani da ita wajen rubuta manhajojin wayoyin Android da gwada su. Kamfanin Google ne ya gina ta a kan IntelliJ IDEA ta kamfanin JetBrains. An sanar da ita a watan Mayun 2013 a taron Google I/O, sigarta ta 1.0 kuma ta fito a watan Disambar 2014, inda ta maye gurbin Eclipse. Tana aiki a kan Windows, macOS, Linux da ChromeOS. Ana rubutu a cikinta da Kotlin, Java ko C++, amma tun 2019 Google ya fifita Kotlin.

Abubuwan da take dogara da su

Android Studio ba ta aiki ita kaɗai. Tana buƙatar Android SDK, wato tarin kayan aikin gina manhaja, da JDK mai gudanar da Java, da Gradle wanda ke harhaɗa rubutun ya zama fayil ɗin APK. Yawancin matsalolin da mai koyo ke fuskanta bayan girkawa daga rashin jituwar waɗannan ukun suke tasowa, ba daga rubutunsa ba.

Matsalolin da aka fi fuskanta

Rashin gano SDK: Gradle yana neman adireshin SDK a cikin fayil ɗin local.properties ko a ANDROID_HOME. Idan adireshin ba daidai ba ne, ginin zai tsaya tun farko. Haka ma idan ba a amince da lasisin SDK ba. Ana warware wannan da umarnin sdkmanager --licenses.

Saɓanin siga: kowace sigar Android Gradle Plugin tana da JDK da take buƙata. Misali, siga ta 8.0 sai da JDK 17. Hanya mafi sauƙi ita ce a zaɓi JDK ɗin da ya zo tare da Android Studio.

Yankewar intanet: a ginin farko Gradle yana sauke fayiloli masu yawa. Idan intanet ya yanke ana cikin saukewa, fayil na iya lalacewa, sai an goge shi daga jakar .gradle an sake saukewa.

Haruffa na musamman: a kan Windows, gini kan gaza idan sunan jakar aikin na ɗauke da haruffan da ba na ASCII ba. Wannan ya shafi ƙ, ɗ da ɓ na Hausa, don haka ana guje musu wajen sanya wa jaka suna.

Wayar gwaji ta cikin kwamfuta: tana cin ƙwaƙwalwa sosai, RAM ƙasa da gigabait 8 ba ya wadatar da ita. Tana kuma buƙatar a kunna VT-x ko AMD-V a cikin BIOS, in ba haka ba ta ƙi tashi ko ta riƙa jan ƙafa.

Gwaji da waya ta gaske

Mai ƙaramar kwamfuta na iya gwada manhajarsa a wayar hannu. Ana taɓa lambar ginin wayar sau 7 a cikin saituna domin buɗe sashen masu gina manhaja, sannan a kunna gwaji ta USB. Umarnin adb devices yana nuna ko kwamfutar ta ga wayar. Idan ba ta gan ta ba, sau da yawa kebul ɗin na caji ne kawai, ko kuma babu direban wayar a Windows. Daga Android 11, ana iya haɗa su ta Wi-Fi ba tare da kebul ba.