Sunan Makdonal: Asalinsa da Yaɗuwarsa

Yau za mu duba wani sunan Turawa, mu ga abin da suna yake ɗauke da shi. Sunan shi ne Makdonal. Su suna rubuta shi MacDonald.

Asalinsa ƙasar Sikotilan ne, wadda da Faransanci ake ce ma Ekos. Tana arewa da Ingila. Ƙasa ce mai duwatsu da tsibirai da sanyi. Mutanen duwatsun suna da harshensu, ana ce masa Gelik.

A harshen nan, Mak ma'anarsa ɗa. Ke nan Makdonal, ɗan Donal ne. Kun san irin wannan a wurinmu: Ɗan Kasawa da Ɗan Baskore, sarakunan Katsinar Maraɗi. Shi kuwa Donal, ma'anarsa mai mulkin duniya.

Wane ne Donal? Wani sarkin tsibirin Aila ne, a yammacin ƙasar. Ya rayu a ƙarni na 13. Jika ne ga Somaled, babban mayaƙin teku da ya mutu a 1164.

Ga bambanci ɗaya. A wurinmu, ɗan Musa in ya haifu, ɗansa ba ya zama ɗan Musa. A can kuwa sunan ya tsaya bai sake ba. Ɗa da jika da tattaɓa-kunne, kowa Makdonal. Har talakawan da suka shiga ƙarƙashin gidan, da yawa sun ɗauki sunan, ko da ba jini ɗaya ba ne.

Gidan ya yi ƙarfi ƙwarai. Ana kiran shugabansu Sarkin Tsibirai. A 1493 sarkin Sikotilan ya ƙwace wannan sarauta.

To, yaya sunan ya ƙetare teku? A 1746 aka yi yaƙin Kaloden, sojan gwamnati suka ci mutanen duwatsu. Daga nan ikon shugabannin dangi ya ragu. Sannu a hankali masu ƙasa suka ga tumaki sun fi manoma kawo kuɗi. Aka yi ta korar talakawa daga gonakinsu, har wani lokaci a ƙone bukkokinsu. A 1846 kuma ciwo ya kama dankalin Turawa, yunwa ta shigo. Dubban mutane suka shiga jiragen ruwa zuwa Kanada da Amurka da Ostareliya da Niyu Zilan.

Sun bar gona, sun bar gida, amma sun tafi da sunansu. Shi ya sa a Nuba Sikoshiya, wani lardi na gabashin Kanada, Makdonal yana cikin sunayen da suka fi yawa. Firayim ministan Kanada na farko, a 1867, Jon Makdonal ne, haifaffen Gilasgo. A Birtaniya, Ramze Makdonal ya zama firayim minista a 1924. A can Sikotilan, har yanzu sunan ya fi yawa a tsibiran yamma.

Jikokinsu suna gano tushensu saboda an rubuta sunayen kakanninsu. Kai ma yanzu ka iya alƙalami. Tambayi tsofaffin gidanku. Rubuta sunan mahaifinka, da kakanka, da garin da suka fito. Kakanni nawa za ka iya lissafawa? Ku kawo amsa a aji na gaba.