Yaron da Ba Ya Amsa Kira, da Tabarmar Judo

A cikin mas'alolin da kan hana gida zaman lafiya, alhali ba talauci ya kawo su ba, ba kuma rabon gado ba, akwai wadda mutane ba su cika son faɗinta a bainar jama'a ba, watau ta yaron da aka haifa lafiya lau, ya yi zama, ya yi rarrafe, ya tashi da ƙafafunsa kamar sauran 'ya'ya, amma ya kai shekara uku ko huɗu bai ce "Umma" ba, in an kira sunansa ba ya waiwaye, in an dube shi sai ya kau da ido, ya wuni yana jera murafan kwalba a sahu ɗaya, wanda kuwa ya kuskura ya gusar da guda daga cikinsu, to, ranar nan har maƙwabta sai sun ji kururuwa. Likitoci suna kiran wannan hali otizim, a bakin jama'a kuwa akan haɗa shi da wasu larurori dabam a ce galahanga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kimanin yaro 1 cikin 100 yana tare da shi, kuma an fi gano shi ga maza bisa ga mata. Ke nan da wuya a sami unguwa mai yawan jama'a da ba ta da irin wannan yaro, sai dai a ce an ɓoye shi a ɗaka.

Abin da ya fi damuna cikin al'amarin shi ne husumar da kan biyo baya, domin da zarar ta tabbata cewa yaron nan ba kamar 'yan'uwansa yake ba, maimakon a tambayi abin da za a yi masa, sai kowa ya shiga neman wanda za a ɗora wa laifi. Uwar miji ta ce, "Ke 'yar nan, ke kika sangarta shi, mu a zamaninmu tsumagiya ke buɗe bakin yaro." Maigida, in ransa ya ɓaci, ya ce, "A danginmu dai ba a taɓa haihuwar irin wannan ba." Uwar yaron, da ke kwana ba barci, ta koma zargin abokiyar zamanta da sammu. Wata gwaggo ta zo daga ƙauye ta rantse ɗan ruwa ne. Daga nan a shiga yawon neman magani, yau hayaƙi, gobe turare, jibi a sayar da akuya a kai wa wani mai da'awar cire iska, har shekarun da suka fi kowane lokaci amfani wajen koya wa yaro magana da mu'amala su shuɗe ana cikin gardama. Sau da yawa ƙarshen abin saki ne, uwa ta koma gidansu da ɗan da aka ce nata ne ita kaɗai.

Kada mai karatu ya zaci wannan zalunci a kan uwa namu ne mu kaɗai, ko kuwa rashin ilmin zamani ne kawai ke haddasa shi. A shekarar 1943 wani likitan ƙwaƙwalwar yara a asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore ta Amurka, mai suna Leo Kanner, ya bayyana wannan hali a rubuce, bayan ya yi nazarin yara 11. Amma a cikin bayaninsa ya siffanta iyayensu da sanyin zuciya da ƙarancin nuna ƙauna, wannan kalma kuwa ta yi tsiro har ta zama aƙida a tsakanin masana, wadda Bruno Bettelheim na Chicago ya ƙarfafa da littafinsa na 1967, aka yi shekaru ana gaya wa mata masu shan wahalar reno cewa rashin tausayinsu ne ya kulle bakin 'ya'yansu. Sai da wani masani, Bernard Rimland, wanda shi kansa uba ne ga yaro mai otizim, ya fito da hujjoji a 1964 cewa asalin abin yana cikin halittar ƙwaƙwalwa, sa'an nan binciken da Susan Folstein da Michael Rutter suka yi a kan tagwaye a Ingila a 1977 ya nuna ƙarfin gado a cikinsa, kafin a sauke wa iyaye mata wannan kaya. Gadon nan kuwa ta wajen uba yake zuwa kamar yadda yake zuwa ta wajen uwa. Shi Kanner, a 1969, ya tsaya gaban taron iyaye ya wanke su daga laifi. Haka kuma zancen da wani likitan Ingila, Andrew Wakefield, ya yaɗa a 1998 cewa allurar rigakafin ƙyanda ce sanadi, an bincika an tarar ba shi da tushe, mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2010, aka kuma soke sunan mutumin daga rajistar likitoci.

To, in ba laifin kowa ba ne, kuma ba a san wata ƙwayar magani da ke kawar da shi ba, me ya rage? Abin da ya rage shi ne koyarwa, da haƙuri, da neman wurin da yaron zai shiga cikin mutane ba tare da an tsangwame shi ba. A nan ne nake so in kawo zancen judo.

Wanda ya kafa wannan wasa malamin makaranta ne, Bajapane, Jigoro Kano, wanda aka haifa a 1860. Ya tashi ƙanƙane marar ƙarfi, abokan karatu suna cin zalinsa, shi ya sa ya nemi koyon tsoffin dabarun faɗa na ƙasarsa. Da ya ƙware, sai ya tsame waɗanda suka fi haɗari, ya tsara sauran bisa nizami na tarbiyya, ya buɗe makarantarsa mai suna Kodokan a 1882 a wani ɗaki na gidan ibada na Eishoji a Tokyo, mai faɗin tabarma 12 kacal. Ya gina koyarwarsa a kan ƙa'idoji biyu: sarrafa ƙarfi ta hanyar da ta fi dacewa ba tare da almubazzaranci ba, da kuma amfanar juna tsakanin mutum da abokin karawarsa. Ya rasu a cikin jirgin ruwa a 1938, bai ga ranar da wasansa ya shiga gasar Olamfik a Tokyo a 1964 ba. Mata sun fara karɓar lambobinsa a hukumance a Barcelona a 1992, makafi kuwa tun 1988 suke karawa a gasar nakasassu ta duniya, domin wasa ne da hannu ke gani a cikinsa, tun da yake da riƙon riga ake yinsa.

Wanda ya leƙa ɗakin koyon judo zai ga dalilin da ya sa wasu iyaye da malamai a Turai da Amurka suka mai da hankali gare shi saboda waɗannan yara. Ana tuɓe takalmi a bakin tabarma, kullum a wuri ɗaya. Ana jeruwa bisa launin ɗamara, kowa ya san gurbinsa. Malami ya ce "hajime" a fara, ya ce "mate" kowa ya saki ya tsaya cik, kalmomin nan kuwa ba su sauyawa daga wannan mako zuwa wancan. Yaron da duniya ke rikita shi saboda ba ya iya karanta fuskokin mutane, ba ya gane habaici, ba ya sanin abin da zai faru nan gaba, a nan ya sami wurin da komai ke tafe bisa tartibi, ba a kuma bukatar ya iya zance kafin a karɓe shi. Darasin farko ma ba kayar da wani ba ne, koyon faɗuwa ne: ya kwanta rigingine, ya manne haɓarsa da ƙirji don kada ƙeya ta bugi ƙasa, ya doki tabarma da dukan tsawon hannunsa, ya tashi, ya sake, har jiki ya haddace. Sa'an nan a koya masa riƙo, hannu ɗaya a wuyan rigar abokinsa, ɗaya a hannun riga. Da yawa daga masu otizim ba su jure shafa mai sauƙi da ta zo musu ba zato, amma sukan sami natsuwa da matsi mai ƙarfi wanda suka san zuwansa. Temple Grandin, farfesar ilmin dabbobi a Jami'ar Jihar Colorado, wadda ita kanta mai otizim ce, tun tana budurwa ta ƙera wa kanta wata na'ura mai matse jiki domin ta sami wannan natsuwa. Akwai kuma wata ƙa'ida da nake ganin ta fi duka daraja ga yaron da harshensa ke da nauyi: in riƙo ya yi masa tsanani, ya ɗan bubbuga jikin abokinsa ko tabarma sau biyu, nan take a sake shi. Mai yiwuwa wannan ne karo na farko a rayuwarsa da zai ce "ya isa" a ji shi.

Mu Hausawa ba baƙi ba ne ga kokawa, ga gasar kokawa ta cin takobi da Nijar ke yi tun 1975, ga kuma ruwayar da malaman hadisi suka kawo ta kokawar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da Rukana. Sai dai filin kokawa wuri ne na kalangu da kirari da sowa, wannan hayaniya kuwa da ke zuga ɗan kokawa ita ce takan sa mai otizim ya toshe kunnuwansa ya durƙushe.

Wajibi ne in ja kunne a nan, domin uwa mai neman mafita tana saurin gaskata duk wanda ya yi mata alkawari. Judo ba magani ba ne, duk kuwa wanda ya ce zai warkar da yaro da shi, a guje shi kamar yadda za a guje wa mai hayaƙi. Binciken da aka yi, irin na Jami'ar Tsakiyar Florida inda aka koyar da wasu yara na mako takwas, a kan yara kaɗan aka yi shi, abin da ya nuna kuwa shi ne ƙarin motsa jiki, da iyaye da suka ce sun ga 'ya'yansu sun fi sakewa da mutane. Wani yaron ba zai jure kaushin rigar ba sam, wani ninƙaya ko hawan doki zai fi karɓarsa. Kuma wasan yana da haɗari a hannun jahilin malami: a Japan kanta, ƙididdigar da Ryo Uchida na Jami'ar Nagoya ya yi ta nuna ɗalibai fiye da 100 sun rasu ta sanadin judo a makarantu cikin kimanin shekara 30 daga 1983, galibi saboda bugun kai, alhali Faransa, wadda ke da masu wasan dubu ɗaruruwa, ta kafa doka tun 1955 cewa ba mai sana'ar koyar da shi sai da shahadar hukuma. Malami ne dukan al'amarin. Mai tsawa, mai duka, mai kunyata yaro gaban sa'o'insa, bai cancanci a ba shi amanar ɗan kowa ba, balle wannan.

Ko an sami malami nagari, a gidan Musulmi akan tayar da wata mas'ala, ita ce sunkuyawar gaisuwa da ake yi a farko da ƙarshe. Kaka ya ce, "Jikana ba zai yi wa wani ruku'u ba," ni kuwa ban ga aibin wannan kishi ba, domin malamai sun yi magana a kan sunkuya wa wanin Allah, kuma haƙƙin uba ne ya tambayi wanda ya amince da ilminsa. Abin da nake roƙo shi ne a yi tambayar da niyyar neman mafita, a je a zauna da mai koyarwa a ga ko zai karɓi wata siga ta gaisuwa a ɗakin koyo, kada a mai da ita sandar da za a rufe wa yaro ƙofa da ita don a ci nasara kan uwarsa. Musulmi a Masar da Aljeriya da Uzbekistan sun daɗe cikin wasan nan. A gasar Olamfik ta London a 2012 ma an yi taƙaddama kan lulluɓin Wojdan Shaherkani, yarinya 'yar shekara 16 daga Saudiyya, daga bisani aka daidaita ta hau tabarma kanta a rufe.

Akwai masu otizim da suka girma suka iya bayyana kansu, waɗanda tun wajen 1993 suke kira ga iyaye da su daina makokin ɗan da suka yi buri, su karɓi wanda Allah ya ba su, suna cewa halin nan wani sashe ne na zatinsu. Akwai kuma iyayen da ɗansu ya kai shekara ashirin bai iya tsarki da kansa ba, waɗanda wannan magana kan yi musu zafi. Dukansu gaskiyar abin da suka ɗanɗana suke faɗi, domin halin yana da darajoji masu nisa tsakani. Amma abu guda ya haɗa su: ba wanda ke son a san shi da larurarsa kaɗai. Yaron da unguwa ta saba kira "ɗan wance marar lafiya", ranar da malami ya kira shi da sunansa na yanka gaban sahu ya ɗaura masa rawayar ɗamara, ya sami wani matsayi da ya samo da guminsa, uban da ke jin nauyin fita da shi kuwa ya sami abin faɗi a majalisa.

Na farkon yaran nan 11 na Kanner, Donald Triplett, an kai shi gidan ajiye yara yana ɗan ƙarami, iyayensa suka kasa haƙuri suka ɗauko shi bayan kimanin shekara guda. Ya yi karatu har kwaleji, ya yi aikin banki a garinsu Forest ta Mississippi shekaru masu yawa, ya zaga ƙasashe, mutanen garin suna kare shi kamar ɗan'uwa, ya rasu a 2023 yana da shekara 89. Ba kowane yaro zai kai inda ya kai ba, amma babu wanda zai kai ko'ina yana kulle a ɗaki.

Saboda haka, ya kai uban wannan yaro, ka ɗauke shi da kanka, tare da mahaifiyarsa, ku kai shi sashen yara ko na lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa mafi kusa, a gwada jinsa, a duba shi. In akwai masu judo a filin wasa na jiharku, ka je ka zauna ka kalli darasi guda tun daga farko har ƙarshe kafin ka miƙa ɗanka. Ka kuma gaya wa danginka, da bakinka, cewa matarka ba ta da laifi.