Yadda Ake Auna Raɗaɗi da Magance Shi: Misali Daga Amosanin Jini

Likita yana da na'urar auna zafin jiki, yana da ta auna hawan jini, amma har yau babu na'urar da za a ɗora wa majinyaci ta faɗi yawan raɗaɗin da yake ji. Dole sai an tambaye shi, kuma sai an yarda da amsarsa.

Bari mu fara da yadda jiki ke jin ciwo. A fata da tsoka da ƙashi akwai ƙananan jijiyoyi masu kai saƙon rauni zuwa lakar gadon baya, daga nan zuwa ƙwaƙwalwa. Iri biyu ne. Wasu na kai saƙo da gudun mita 5 zuwa 30 a daƙiƙa, wasu kuwa ba su wuce mita 2 ba. Shi ya sa wanda ya yi tuntuɓe yakan ji zafi mai kaifi nan take, sannan zogi ya biyo baya. A shekarar 1965 masana biyu, Melzack da Wall, suka bayyana cewa laka tana aiki tamkar ƙofa: shafa wurin da ya bugu yana rage saƙon da ke wucewa, tsoro da damuwa kuwa suna ƙara shi. Ke nan mutum biyu masu rauni iri ɗaya suna iya jin raɗaɗi mabambanci, kuma babu maƙaryaci a cikinsu.

Masana sun raba ciwo gida biyu: mai tasowa farat ɗaya, wanda ke gushewa in rauni ya warke, da mai daɗewa, wato wanda ya haura wata uku. Mai amosanin jini, wanda aka fi sani da sikila, yana fama da duka biyun. A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006, ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da wannan cuta kowace shekara a Nijeriya. Idan iskar da ke cikin jini ta ragu, jajayen ƙwayoyinsa sukan lanƙwashe kamar lauje, su toshe ƙananan hanyoyin jini, ƙashi ya rasa abin da ke ciyar da shi. Sanyin hunturu da ƙishirwa da zazzaɓin cizon sauro duk suna tayar da shi.

To, yaya ake aunawa? Ana ce wa babba ya zaɓi lamba daga 0 zuwa 10, sifili babu ciwo, goma kuwa mafi tsananin da zai iya kwatantawa. Yaro ƙarami ana nuna masa zanen fuskoki, daga mai murmushi zuwa mai kuka, ya nuna tasa. Sai a tambayi inda ciwon yake, da lokacin da ya fara, da irinsa: suka ne, ko ƙuna, ko zogi? Bayan an ba da magani a sake tambaya, domin lamba ɗaya ba ta nuna ko maganin ya yi aiki. A nan al'adarmu ta dauriya tana cutar da mu. Mun taso ana yaba wanda bai yi raki ba, saboda haka majinyaci yakan ce "da sauƙi" alhali zufa na keto masa. Shirunsa ba shaidar sauƙi ba ce.

A 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin matakai uku, asali domin masu ciwon daji: a fara da irin su farasitamol, sai matsakaita irin su kodin, sannan masu ƙarfi irin su mofin. Amma idan sikila ta tashi da tsanani ba a bin matakan ɗaya bayan ɗaya. Mofin ake bayarwa kai tsaye, tare da lura da numfashi. Ƙa'idar asibitocin Ingila ta 2012 ta ce a ba da maganin cikin minti 30 da isowar majinyaci. Abin takaici, tun da shaye-shayen kodin ya yi ƙamari har gwamnatin Nijeriya ta haramta maganin tari mai ɗauke da shi a 2018, matashin da ya zo yana neman allura sau da yawa da zargi ake kallonsa. A ganina wannan zalunci ne, kuma yana haifar da abin da ake gudu: wanda asibiti ya hana wa sauƙi sai ya koma yi wa kansa allurar fentazosin a gida, har tsokar cinyarsa ta lalace da gyambo.

Ciwo mai daɗewa kuwa hukuncinsa daban ne. Wani lokaci kan ƙashin ƙugu ne ya mutu saboda rashin jini, wani lokaci kuma jijiyoyin ne da kansu suka zama masu saurin ɗauka, suna aika saƙo ko babu sabon rauni. Ƙara mofin ba ya warware wannan. Ana haɗa gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi, da magungunan jijiya irin su amitiriftilin, da kula da barci da damuwar majinyaci. Maganin haidiroksiyuriya, wanda aka amince da shi a Amurka a 1998, yana rage yawan tashin cutar tun daga tushe. Masu shan dikulofenak kullum ba da izinin likita ba kuwa su sani yana cin ciki da ƙoda, ga shi ƙodar mai sikila dama a raunane take.